Tawadar da Baba Mai Hoto Ya Goge

Shagon yana daura da babbar ƙofar jami'a, tsakanin wani tela da masu kwafar takardu. Faɗinsa taku huɗu, tsawonsa taku bakwai. A ciki akwai farin labule, da kujera mara majingina, da fitilu biyu, da wani allon katako da ya cinye rabin bango. Mai shagon ya shekara ashirin da shida a wurin. Ɗalibai ba su san sunansa ba, Baba Mai Hoto suke ce masa, shi ma ya daina jiran a kira shi da wani suna.

Kakarsa tana yanke saƙa ne idan dogon hutu ya matso. A lokacin ne jami'a take tura ɗalibai ƙasashen waje su yi karatun mako shida ko takwas, kowannensu kuma yana bukatar hoton fasfo da na biza. Dokar shagon ɗaya ce. Zai wanke maka tara, ka tafi da takwas, na taran ya soke shi da fil a jikin allo. Ranar da ka dawo, ka zo da ƙafarka ka cire abinka, ka ba shi labarin garin. Da haka ya san tituna da gadojin birane da yawa, shi da bai taɓa leƙa cikin jirgi ba. Tela yakan ce masa, "Kai kaɗai na sani da ya zaga duniya bai tashi daga kujerar roba ba."

Har zuwa bara, kafin a koma karatu allon yakan koma fayau, sai hoto ɗaya tak a kusurwar sama.

Kowane gwani da rauninsa. Na Baba Mai Hoto shi ne hannunsa ba ya iya barin fuska yadda ya same ta. Tun zamanin fim ya koya wurin maigidansa, da siririn fensir, daga baya ya ci gaba a kwamfuta. Ƙurji, tabo, tsagar faɗuwar ƙuruciya, duk sai ya share. Ya san ofisoshin biza ba sa so. Yakan ce ɗan gyara ne kawai, wa zai lura?

Shekara goma sha huɗu ke nan da wata ɗaliba ta zauna a kujerar nan, mai tabon da ya raba girarta ta dama gida biyu. Ya haɗe girar. Ta kalli hoton ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Baba, ka mayar da ni amarya." A mako na huɗu da zuwanta ƙasar waje, ta fita daga masaukinta da safe, ba ta isa aji ba. Mahaifiyarta ta zo shagon neman hotonta na baya-bayan nan don a aika wa masu nema. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ɗago.

"Malam, wannan ba 'yata ba ce. Ina tabon?"

Ya duba kwamfuta, ya tarar ya ɗora gyararren a kan na asali. Ya sake wanke mata irinsa, da shi aka neme ta, ba a gan ta ba har yau. Shi ne hoton da ke kusurwa. Rana tana shigowa ta ƙofa da yamma, tana cin hotunan allon, cikin wata guda sai su fara yin ruwan ƙasa. Wannan bai taɓa koɗewa ba. Tela ya ce ai kusurwar ce ba ta samun rana. Baba Mai Hoto ya mayar da shi tsakiya wata biyu, ya ga babu abin da ya canza, ya mayar da shi inda yake. Daga ranar ya rantse ba zai ƙara taɓa fuskar matafiyi ba, ya kuma riƙe rantsuwarsa shekara goma sha uku.

Bara sai sunan 'yarsa ya fito cikin masu tafiya. Ita ce auta, tana aji uku a fannin haɗa magunguna, tana da tawadar Allah kamar kan ashana a ƙarƙashin idonta na hagu. Ta shigo wata Talata da safe, mutum goma sha ɗaya suna kan layi.

"Baba, don Allah ka fara da ni, ƙarfe goma zan miƙa takardu."

"Wato 'yar mai shago ba ta bin layi?"

"Ai kai ka ce in yi karatu in huta."

Ya ɗauka, ya zauna gaban kwamfuta, yana magana da wani yaro da ke ƙorafin kunnensa ya fito da yawa. Injin ya turo hotunan, ta fizgi takwas ta yi waje. Sai da ya ɗauki fil zai soke na taran sannan ya gani. Kuncin sumul yake. Bai tuna sa'ad da hannunsa ya yi ba.

Da ta dawo gida da yamma ya ce a sake.

"Na riga na miƙa, Baba. In na janye, sai bayan an fara karatu za su sake ba ni rana."

"To ki bari sai baɗi."

"Saboda ɗigo? Ai kai ka saba cire ta tun ina zanen goyo."

Mahaifiyarta ta sa baki daga kicin. "Maigida, ka bar yarinya ta tafi. Ka raka 'ya'yan mutane shekara da shekaru da addu'a, taka ce za ka tare wa hanya?"

Bai faɗa musu abin da ke ransa ba, don ko shi da kansa ya san idan ya furta zai zama abin dariya. Ya raka ta filin jirgi, ya riƙe fuskarta da hannu biyu, ya kalli ɗigon da kyau, har ta ce, "Baba, mutane na kallonmu."

Mako takwas ne. Tana kira kowace Lahadi da rana, ta wayar da ake ganin juna. Ɗakinta yana da babbar taga, kullum kuma a gabanta take zama, hasken yana bayanta, fuskar ta zama inuwa.

"Auta, juya wajen haske."

"Baba, ko ta waya ma sai ka gyara mini zama?"

Idan ta juya sai hoton ya tsaya cak, ko ya farfashe. Takan ba da labarin ɗakin gwaje-gwaje, da wata tsohuwa mai gidan da ke kulle ƙofa sau uku, da ruwan sama da ba ya jin ƙarfe nawa ne. Muryarta ce, babu shakka.

A mako na biyar hotunan allon suka fara yin ruwan ƙasa kamar kullum. Nata bai yi ba. Ya mayar da shi inda rana ta fi duka. Tela ya leƙo ya same shi yana kallo, ya ce wataƙila sabuwar takarda ce mai kyau. Gaskiya ne ranar ya buɗe sabon ƙunshi. Amma mutum goma sha ɗayan da ke kan layi daga ƙunshin nan aka wanke musu, ga nasu nan duk sun fara koɗewa. Tela ya koma kan keken ɗinkinsa.

Ta sauka wata Asabar da azahar. Ita da mahaifiyarta suka biyo ta shago kai tsaye, tana jan akwati. Ta ɗan yi haske, ta ɗan rame. Ta durƙusa ta gaishe shi. Da ta ɗago kai, ya ƙura wa kuncinta na hagu ido.

"Ina tawadarki?"

"Wace tawada?"

"Ta ƙarƙashin ido. Ko can suka cire miki?"

Ta shafa kuncinta tana dariya. "Baba, ni ban taɓa yin tawada a nan ba."

"Ke da bakinki kika ce na saba cire ta."

"Ƙurajen fuska dai, wataƙila."

Ya juya wajen matarsa. Ta ƙura wa 'yar ido, ta ce akwai kamar wani ɗan abu a dama. Ya ce hagu. Ta ce to, ko dai yayarta ce mai shi? Tela da aka kira ya ɗaga hannu sama. "Ni tsawon hannun riga nake aunawa, ba na auna fuska."

A gida ya sauko da kundin hotuna guda shida. Ga ta ranar suna, ga ta da rarrafe, ga ta da rigar firamare, ga hoton katin makaranta, ga na shiga jami'a. Shekara ashirin da biyu, duk shi ya ɗauka, duk shi ya gyara. Babu ɗigo a ko ɗaya.

Ban da wannan, ba a ga wani canji a tare da ita ba. Da hagu take rubutu kamar da, ba ta cin albasa, tana jan kunnen jikokin gidan. Ta ci jarrabawar zangon da ya biyo baya da kyau. Abu ɗaya ne kawai ba ta yi ba: ba ta cire hotonta daga allo ba. Sau uku ya tuna mata, sau uku tana cewa, "Gobe, Baba." Kullum tana wucewa ta ƙofar shagon, ta tsaya a bakin dandamali ta gaishe shi. Shi kuma ba zai cire ba, dokar shago ce mai hoto ya cire da hannunsa. Yanzu idan an koma karatu, hotuna biyu ne suke saura a allon, dukkansu tas kamar jiya aka wanke.

Yanzu ba na matafiya kaɗai ba, ko hoton biki aka kawo masa ba ya gyarawa. Wasu ɗalibai sun koma wani shago a ƙasan layi, inda ake goge mutum har uwarsa ta kasa gane shi. Bana wani saurayi mai tafiya karatun mako shida ya tsaya a kansa yana roƙo.

"Haba Baba, ƙuraje uku ne fa. Minti ɗaya ba zai ɗauke ka ba."

Baba Mai Hoto ya ƙirga takwas ya miƙa masa, ya ɗauki fil.

"Da su za ka tafi," ya ce, "da su kuma nake so ka dawo."