Sa Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Shekarun baya, tun Dutsin-Ma tana cikin jihar Kaduna, ina sabon malamin dabbobi, aka ce a ɗebi jinin shanun noma a gwada saboda ciwon huhu. Muka raba aikin da abokina: shi ya nufi Kutawa, ni na hau kekena zuwa Wurma ta ƙasar Kurfi. Kowane sa in ɗebi jininsa, in rubuta lamba a kwalba, in shafa irinta da fenti a ƙaho. Ina ji da kaina sosai, har da biro biyu a aljihu.

A Wurma na haɗu da wani dattijo mai shanun huɗa biyu. Ni da shegen son tambaya, sai na tsaya duba tsagar da ke kunnen ɗayansu. Ya ce shaidar gidansu ce tun kakansa, kuma ba mai yanka sabuwa sai ya kai ta kara ranar kasuwa, sarkin shanu ya nuna wa dillalai an tabbatar ba ta kowa ba ce. Abin ya burge ni, amma a raina na ce ai lamba ta fi.

Bayan sati uku takarda ta dawo daga birni: an sami cutar a kwalba guda mai lamba goma sha bakwai, a yanka san. Na ce na dattijon Wurma ne. Abokina ya ce a'a, na wani mutumin Kutawa ne. Ashe kowannenmu daga ɗaya ya fara ƙirga, muka kuma zuba kwalaben a akwati guda.

Dole aka tsare san dattijon da na mutumin Kutawa, aka sake ɗibar jini. A satin nan ruwa ya sauka. Na je na faɗa wa dattijon gaskiya, sai ya ce:

"To Malam, ku ba ku da sarkin da kuke tambaya kahin ku yanka shaida?"

"Babu, Baba."

"Sa guda ba ya jan garma. Mi zan ce ma gona?"

Na ari garmar hannu na taya shi huɗa kwana biyu. Tafin hannuna ya ɗuri ruwa, shi kuma yana bin bayana yana gyara karkatattun kunyoyina. Da sakamako ya fito, san nasa lafiya lau, amma ciyawa ta riga ta cinye rabin gonar. Daga ranar muka buɗe littafi guda a ofis, ba mai rubuta lamba sai ya duba.

Kwanan nan ɗiyata mai rubuta manhajar shafukan intanet ta nuna min yadda layi ɗaya ke fitar da doguwar lamba, a yi mata rajista, ba mai irinta a duk duniya. Na yi ta tambaya har ta gaji da ni. Ban gaya mata dalili ba, don har yau kunya nake ji. Da kaka ta yi a waccan shekarar, daga ɗan abin da ya samu, dattijon ya aiko min da damin gero, wai ladan huɗata ne.