Tabarmar Yaya Sale Ba Ta Naɗu Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Yaya Sale makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin firamare, mai taurin kan da har yau ban ga irinsa a unguwarmu ta Wunti ba.

A zamanin soja ƙofar gidanmu majalisa ce. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma, teloli da 'yan kasuwa da malamai su taru, a yi ta kan tsadar rayuwa da wanda aka kama jiya. Rannan da hantsi wasu mutane suka sauko daga mota marar lamba, suka kutsa cikin gida ko sallama babu. Matarsa na wanke-wanke, ko mayafi ba ta samu ta ja ba. Yaya ya tare su a tsakar gida ya ce, "Ina takardar alƙali?" Babbansu ya buga ƙirji ya ce shi ne takardar. Suka farke katifa, suka zazzage buhun masara, ba su sami ko allura ba.

Katifa ai an ɗinke ta. Abin da ya ƙi ɗinkuwa shi ne, da za su tafi sun maimaita masa maganganun da aka yi a kan tabarmar nan, tiryan-tiryan. Ashe akwai mai kai rahoto a cikinmu. Kafin mako ya zagayo majalisa ta watse. Mutanen da muka ci tuwo a kwano ɗaya suka koma ɗaga mana hannu daga nesa. Wannan ya ƙona mini rai fiye da binciken.

Ni da zafin kaina na ce mu zaƙulo munafukin. Yaya ya ce, "Kul, Habu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da muka fara zargin juna, mun yi musu aikinsu kyauta."

Bai fasa shimfiɗa tabarma ba. Yakan zauna shi kaɗai da rediyonsa, motar nan tana tsallaken titi, har ruwan randa yake kai wa na cikinta in rana ta yi zafi. Wasu suka ce ya zautu. Malam Bitrus, abokin koyarwarsa mutumin Dass, shi ya fara dawowa. Ya tuɓe takalmi ya ce, "In kamun ne, a same mu a zaune." Da ɗaɗɗaya sauran suka biyo. Har Yaya ya koma ga Allah bai tambayi ko wane ne mai kai rahoton ba.

Yau ba a farke katifa sosai, waya ake buɗewa. Kwanan baya a hanyar Tirwun jami'an tsaro suka tsayar da ɗana, aka sa ya buɗe tasa, wani ya yi ta karanta hirarsa da matarsa yana murmushi. Babu takarda, babu laifi. Da labarin ya iso majalisarmu sai na ga an fara rage murya, kowa na satar kallon aljihun ɗan'uwansa. Na san wannan shirun. Da Yaya na nan, na tabbata zai ce gidan ne aka sake shiga ba sallama, ƙofar kawai aka canza.

Bai bar mana fili a GRA ba. Tambaya ya bari da tabarma. Tambayar nan ta "Ina takardar alƙali?" na koya wa 'ya'yana: a yi ta cikin ladabi, amma a yi ta. Tabarmar kuwa ta mutu tuni, na sayi wata. Bayan la'asar ina ƙofar gida, kuma ba zan rage murya ba. Wanda aka turo ya saurare mu, shi ma ya yi sallama ya zauna, akwai wuri.