Waƙoƙin Yayana da Kunnensa

Yayana mawaƙi ne, ko da yake abincinsa a lambu yake, can bakin tabkin Madarumfa. Shekarar da ya samu tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, ya ɗauki waƙoƙinsa a ɗakinsa, ya ce shi zai gyara sautin da kansa. Na ce masa akwai mai situdiyo a Maraɗi da aikinsa ke nan, ya daidaita murya da kiɗa kafin waƙa ta fita.

"Wa ya san muryata kamata?" in ji shi.

Ya shafe rani guda yana gyara. Duk lokacin da ya kira ni in saurara, sai in ji sautin ya ƙara kaifi, yana sukar kunne kamar ana goga ƙarfe. Shi kuwa murmushi yake. Na ɗauka salo ne.

Da gidan rediyo suka ƙi sa waƙoƙin, ya yarda muka tafi Maraɗi. Mai situdiyon ya kunna ta farko, bai kai rabi ba ya rage sauti.

"Wa ya haɗa wannan?"

Yaya bai amsa ba, yana kallon na'urori. Mutumin ya sake tambaya, wannan karon da ƙarfi. Sai Yaya ya juyo da kunnen dama.

"Malam," in ji mai situdiyon, "waƙar tana gyaruwa, in kana da muryar asali, wadda ka fara ɗauka. Amma ka fara zuwa likita. Abin da kake ta ƙarawa yana nan tun farko, kai ne ba ka jin sa."

Likita ya tabbatar. Kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Muryar asali kuma babu, Yaya ya yi ta gyara a kanta har ta ɓace. Mai situdiyon ya ce ya zo a sake ɗauka. Mun koma sau ɗaya. Yaya ya riƙa shiga gaban kiɗa, yana saɓa amo, ana tsayar da shi. Daga baya ya cire abin jin kiɗan da aka sa masa a kunne, ya ajiye a hankali, ya ce, "Tashi mu tafi gida."

Ordinatar ya ba wani malamin lakwal, makarantar boko. Yanzu yana lambunsa, tumatir da albasa. In na je, sai na taɓa kafaɗarsa kafin ya san na iso.