Notin Ƙafar Gaba

Dogon hutun da na gama aji biyar na sakandare a Kurugu na yi shi, a gidan Baffa, yayan mahaifina. Ya haura saba'in a lokacin, amma ko babur ɗin 'ya'yansa ba ya yarda ya hau. Kekensa baƙi ne mai kariyar ɗora kaya a baya, kuma ba mai sa masa sifana sai shi. Masu faci na bakin kasuwa ma yaran jiya yake kiran su.

Wata rana da hantsi ƙaya ta huda masa tayar gaba. Ya kife keken a gindin darbejiya, ya cire ƙafar, ya yi faci, ya mayar. Ina kan tabarma da littafi a cinyata, amma idona na kan hannunsa. Ya ɗaure notin dama. Da ya koma na hagu sai na ga sifanar tana rawa a yatsunsa. Ya ja sau biyu, ya tsaya yana haki, ya jefa ta aljihu. Washa ɗaya kuma, ɗan zoben ƙarfen da ake sawa kafin noti, tana kwance cikin ɓawon gyaɗa, bai gan ta ba.

Bayan azahar zai kai wa 'yarsa buhun gyaɗa a wani ƙauye da ke kan hanyar Rogo. Na san hanyar. Akwai gangara mai tsakuwa da take zarcewa cikin rafi.

Da ya shiga gida na lallaɓa na taɓa notin. Da yatsa biyu ya juya. Na tsinci washar na sa a aljihu, na koma tabarma. Layi ɗaya na yi ta maimaitawa ban san me ya ce ba. Na tashi, na zaga keken, na zauna, na sake tashi. A gidanmu yaro ba ya ce wa babba aikinsa bai yi ba, balle ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.

Na sami matarsa, wadda muke kira Inna, tana tankaɗe. Na faɗa mata a hankali.

"Ni za ka aika?" in ji ta. "Shekara hamsin ban taɓa tsoma baki a zancen keken nan ba. Ka ɗaure a ɓoye mana."

"Sifanar tana aljihunsa, Inna."

"To kai ma ai da baki a jikinka."

Da azahar a masallaci ina bayan Baffa a sahu, ina jin washar tana taɓa cinyata duk sanda na yi ruku'u. Allah ya yafe mini, gangarar nan kawai nake gani.

Muna dawowa ya fara ɗaure buhun da roba. Na durƙusa a gefensa.

"Baffa, da za ka koya mini yadda ake mayar da ƙafar keke. A makaranta ba a koya mana."

"Yanzu? Ɗan boko, sai da rana ta karkata karatun ya taso maka?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sauke buhun ya miƙo sifanar.

"Kife shi. Kwance duka biyun."

Na kwance. Ya ce in danna ƙafar har sandar tsakiya ta zauna daram a gurbinta, hagu da dama. Sai ya ce, "Sa washa." Na sa ta dama. Na zaro ɗayar daga aljihu na sa, ban ɗago ba. Ya ci gaba da bayani.

"Kada ka gama da ɗaya ka koma ɗaya, ƙafar karkacewa take yi. Kaɗan nan, kaɗan can. Duba tsakaninta da ƙarfe, daidai ne? To ja. Ja mana, ba alƙalami ba ne!"

Na ja har tafin hannuna ya yi ja. Ya sa na juya ƙafar muka saurara, ba inda take gogar birki. Na tayar da keken, na ɗaga gaba, na doki tayar ta sama da tafin hannu, na girgiza ta gefe da gefe. Ko motsi. Na matse birki na tura, ya kama.

Muka mayar da buhun. Ya ɗora ƙafa a feda, sai ya tsaya.

"Tun yaushe take aljihunka?"

"Tun hantsi, Baffa."

"Tun hantsi! Da na tafi da wuri fa? Sai ka bi ni rafi da ita?"

Na miƙa masa sifanar. Ya dubi hannunsa, ya ture ta.

"Riƙe. Daga yau ni ke faci, kai ke ɗaurewa. Kuma in ka ga abu, ka buɗe bakin nan."

Na bi shi da ido har ya sha kwanar gonar dawa. Duk da haka ban iya komawa kan littafin ba sai da la'asar sakaliya, da na jiyo ƙararrawarsa daga bayan gida.