Na'urar da Na Ɓoye a Buhun Gero

Shekara goma sha ɗaya ina share ofisoshin wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake yin buta da bokiti. Mai shara ba a ganinta. Ana magana a gabanta kamar yadda ake yi a gaban kujera, shi ya sa na san abin da ke cikin kamfanin nan fiye da mai gadi.

Ɗana na fari a ofis na uku yake zaune. Shi ya rubuta abin da ke cikin kwamfutocinsu, wanda ke faɗa musu inji nawa ne ya tashi, kaya nawa suka fita, mota wacce ta ɗauka. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ba na kuma zama hira da shi. Haka na ga uwata ta yi da yayana. In na zo teburinsa sai ya ɗaga ƙafa, in share, in wuce. Da yawa a wurin ba su san ni na haife shi ba.

Wata Alhamis ina goge taga na ji manaja yana ce wa wani a waya, “Surukin nawa zai fara Litinin. Wancan zai koya masa aikin, daga nan mu ga inda za mu ajiye shi.” Na san da ɗana yake.

Marigayi mijina a majemar Challawa ya yi aiki har ya rasu. Sau uku ana rage ma'aikata ba a taɓa shi ba, domin awon maganin jima a kansa yake, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yakan ce wanda ya riƙe wuƙa shi ke da nama. Na dubi 'yar na'urar ɗana, ƙaramar kwamfuta baƙa mai ninkewa, na ce ga wuƙar. Da na tambaye shi, da ya gaya mini gaskiyar abin cikin numfashi ɗaya. Amma uwa ba ta tsayar da ɗan fari a bakin ƙofa ta ce zo mu yi shawara.

Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, na sa ta a bokitin shara, na rufe da tsumma. Na hau a-daidaita zuwa Panshekara ina rungume da ita. A gida na tura ta tsakiyar buhun gero na ɗaure baki. Na ce ranar Litinin sai su durƙusa masa.

Litinin da hantsi aka kira ni ofishin manaja. Ɗana yana tsaye a jikin bango. Surukin yana zaune, sabuwar na'ura a gabansa, ledar ma ba a gama ɓare mata ba.

“Iya, sannu da aiki,” in ji manaja. Ya juyo da allon teburinsa. Ashe akwai kyamara a ofis na uku. Sai ga ni a ciki, da ɗankwalina mai ruwan goro, ina cusa abu a bokiti. Ya maimaita hoton sau uku. “Kin iya ɗauka, wallahi. Ko ɗan sanda sai haka.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni na ɗauka. Ba shi da masaniya.”

“To don me?”

“Aikinsa ne a ciki. Wanda yake so ya nema a wurinsa.”

Surukin ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki. Manaja bai yi dariya ba. Ya dubi ɗana ya ce, “Injiniya, ashe tsohuwarka ce? Zo ka nuna mata. Da hannunka.”

Ɗana ya zo ya sunkuya a kan sabuwar na'urar. Bai dube ni ba, amma da ni yake magana, murya ƙasa-ƙasa. “Inna, aikin ba a waccan yake kwana ba. Yana can wani rumbu mai nisa, na kamfani. Kowa ɗebowa yake yi ya zuba a tasa. Kulon muke ce masa.”

Ya buga layi ɗaya. Rubutu ya yi ta gudu a allo kamar tururuwa. Na sha dafa wa ofishin nan shayi, na san lokacin da ruwa ke ɗauka kafin ya tafasa. Bai kai haka ba ya ɗaga hannu.

Na ce, “Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Iya,” in ji surukin. “Duka ya sauko, tun daga ranar da ya fara. Rumbun ma bai ragu da ko ƙwaya ba. Ko mutum ɗari su ɗiba.”

Manaja ya ce, “Har da tarihin. Kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Af, na manta ba kya karatu. Bari in karanta miki.” Ya sa yatsa a allon ya fara kiran sunan ɗana, sunan da na hana bakina tun ranar suna. Ya kira, ya gangara, ya sake kira, yana duban idona. Na ƙirga goma sha huɗu, sannan na daina.

Ya ce, “Da wata uku na so ya yi yana koyarwa, in mayar da shi sito. Ina ta neman abin da zan faɗa wa Alhaji mai kamfani. Kin hutar da ni. Kayan kamfani ya kwana uku a gidansu, wa zai yi musu?”

Na ce, “Ni za a kora.”

“A'a, Iya. Ke rashin sani ne ya ɗebe ki. Kuma babu mai goge taga kamarki.”

Da azahar na kawo na'urar, gero yana zubowa daga ramukanta. Mai gadi ne ya karɓa. Ɗana ya riga ya fita da 'yar jakarsa da dardumarsa. Yanzu a Dakata yake, yana rubuta lambar tirela a bakin wani sito. Yana zuwa gaishe ni duk Juma'a, ya durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina duban gefe. A da kunyar ɗan fari ce, yanzu abin da na jawo masa ne.

Washegarin korarsa na shiga ofis na uku da tsintsiya. Surukin bai ɗaga ƙafa ba. Na zagaye ta na share.