Ginshiƙin Ɗangana

Duk rumfar albasar da ta daɗe a kasuwar Malanbil, in ka bincika, Ɗangana maƙeri ne ya ɗaga ta. Mutum ne da bai yarda da kowa ba. Ko ƙusa ka miƙa masa sai ya juya ta ya duba.

Shekara biyu bayan Dahome ta koma Benin, sojoji suka share fili a hanyar Gene, suka kira shi. Rumfa suke so, inda za a riƙa gyara jirgin saman da zai yi sintirin iyaka, a yi masa fenti. Wani injiniya daga Kwatano ya shimfiɗa masa zane, ya nuna da yatsa, ya koma.

Faɗi taku talatin, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsaka. Ɗangana ya koma gida. Ya gaya wa matarsa Marka ai ya gano su: wani ya riga ya ci ƙarfen ginshiƙin, kuma ranar da iskar damina ta kifar da rufin, injiniya yana can bakin teku, shi Ɗangana za a jefa kurkuku. Marka ta ce ya tambayi lajidan, babban sojan wurin. Ya ce wa ke tambayar soja?

Ya haɗa rufin yadda zane ya ce, sannan ya kafa ginshiƙi da ƙarfensa na kansa a tsakiyar ƙofa. Masu gadi ba su san zane ba, ba su tanka ba. A tunaninsa jirgi zai raɓa ta gefe. Ai bai taɓa ganinsa ba sai a sama, ɗan ƙarami kamar shirwa.

Ran da jirgin ya sauka aka turo shi, fikafikansa suka cika ƙofar bango zuwa bango, hancinsa ya tsaya daf da ginshiƙin.

"Wa ya sa ka dasa wanga abu?" in ji lajidan.

"Tsoron gidan kaso na, lajidan. Rufin ga ba ya tsayuwa shi ɗai."

"Yanke shi. Kai ɗai ciki."

Kowa ya fita. Ɗangana ya ja zarto yana salati. Ginshiƙin ya faɗi, rufin ko motsi bai yi ba.

Ba a kulle shi ba. Rufin ya ga damina ashirin da uku Ɗangana yana raye, amma bai sake shiga ƙarƙashinsa ba. Ginshiƙin kuwa yana jingine bayan maƙera, yana shafa masa mai duk shekara. Har ya rasu bai yarda an taɓa shi ba. Ya ce ran da rufin ya faɗi, sojoji za su zo nema.