Kwano Uku na Riɗi

Shekarar da kamfaninmu ya ce ya daina neman shahada, wato takardar shaidar gama jami'a, wajen ɗaukar ma'aikata, ni na manna sanarwar a bakin ƙofa da hannuna. Kamfanin riɗi ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, muna saye a kasuwa, mu tace, mu tura waje. Ni magatakarda ne a ofis. Mudir, shugabanmu, ya tara mu ya yi dogon jawabi, wai ofis ya cika da mutane iri ɗaya, yanzu ana son 'ya'yan gona su ma su shigo. Muka tafa masa. Mai duba riɗi ake nema, wanda zai tsaya a kan buhuna ya ce wannan a saya, wannan a bari.

Ban gama manna takardar ba Yayana ya faɗo mini a rai. Shekara ashirin da wani abu yana yankan riɗi a manyan gonakin wajen Hawata. Da laujensa na yi karatu har jami'a, shi kuwa ko firamare bai ƙare ba. Bayansa ya fara ƙi, in ya sunkuya sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Kaka ɗaya ko biyu suka rage masa, kowa a gida ya sani, ba mai faɗa. Wannan aiki kuwa a tsaye ake yinsa, a inuwa, shekara duka.

Kwana uku ina fama da shi. Ya ce ofis na masu takalmin igiya ne. Na ce an cire shahada, ya ce an cire masu shahadar ma? Haushi ya kama ni, na cike masa takardar da kaina, na ba shi farar jallabiyata. Abu ɗaya na roƙe shi, kada ya nuna ya san ni, don kada a ce na shigo da ɗan'uwana ta bayan gida. Haka na ce masa. Amma akwai wani dalilin, a ofis Larabci kawai nake yi, ban taɓa bari an ji Hausa a bakina ba. Ya dube ni, ya ce to.

Ranar ganawa mutum uku ne a bayan tebur, har da Mudir, ni a gefe ina rubuta abin da aka ce. Abin takaici, tsohuwar takardar tambayoyi ta 'yan jami'a suka ɗauko, layin farko mai tambayar shahada kawai aka soke da biro. Yaya ya shigo ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, sai da aka nuna masa kujera sau uku sannan ya ɗosana. Aka ce ya ba da labarin kansa, ya ce alhamdu lillahi. Aka ce me ya fi sauran masu nema da shi, ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani. Mutumin da ake tasowa daga wata gona a kira shi ya duba ko riɗi ya isa yanka! Wallahi kaɗan ya rage in karya birona.

Sannan aka kawo kwano uku na riɗi. Mudir ya ce, don wasa ko don gwaji ban sani ba, duka daga gonarsa suke, Yaya ya faɗa masa wane ne mai aibi.

A wajen mutanenmu ba a kushe amfanin gonar mutum a gabansa, gumin shekararsa ne. Ɗiba kake yi, ka murza, ka sansana. In mai kyau ne ka watsa a baki ka tauna. In da aibi ka mayar a hankali, ka goge hannu a riga, ka yi masa addu'a. Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhu a kasuwa ya san wannan.

Yaya ya ɗibi na farko, ya murza, ya sansana, ya mayar, ya goge hannu a jallabiyata. Na biyu ya watsa a baki. Na uku ya baza shi a tafin hannu, ya duba, ya mayar, ya sake gogewa. Ya ce Allah ya sa albarka. Mudir ya maimaita tambayar, Yaya ya ce duk arzikin Allah ne.

Takardar amsa tana gabana. Na farko ya sha danshi, na uku an gauraya shi da na bara, na biyu ne mai kyau. Yaya ya gano duka ukun, ko minti ɗaya bai yi ba. Mudir ya juyo ya ce mini in rubuta bai bambance ba. Na rubuta.

Da la'asar na isa gida ina huci. Na same shi a tsakar gida yana wasa lauje, jallabiyar a ninke a kan tabarma. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, na ce kunyar nan tasa ta cuce mu, mutanen nan ba su san murza da gogewa ba, baki suke so. Na zagi kamfanin ma, masu buɗe ƙofa su bar labule a ɗinke. Ya bar ni har na gaji.

"Ƙanena, kai ba ka ga wanda na tauna ba?"

"Na gani, Yaya."

"To ai kai ne mai shahadar. Na ɗauka saboda irin wannan rana muka sa ka a makaranta."

Ya ci gaba da wasa laujensa. Bayan sati biyu motar gona ta zo ɗibar ma'aikata, na riƙe masa ƙunshinsa, ya dafa gwiwa ya hau.